Ranar Sunan Jirgin Hajiya Kubura

A unguwarmu ta Yalwawa da ke Dutse babu wanda ya naɗa Lado injiniya. Shi ya naɗa kansa, mu kuma muka bar shi da rawaninsa, domin gardama da shi ta fi sussukar gero wahala. In ka zauna kana sauraronsa, shi ne ya riƙe reluwe tun daga Kano har Nguru, Turawa ma sai sun tambaye shi kafin su ɗaure noti. Waɗanda suka san shi tun a Ringim kuwa sun ce iyakar hulɗarsa da jirgin ƙasa ita ce miƙa wa fasinjoji rake ta taga, kuma ko a nan ɗin sau da yawa jirgi kan tashi ya bar shi da rake a hannu yana zuba. Matarsa ta ƙarshe da za ta tafi ba ta kai ƙarar ci ko sha ba, cewa ta yi kunnenta ne ya gaji.

To wannan Ladon ne ya ƙudurta a ransa sai ya auri Hajiya Kubura.

Hajiya Kubura ita ce matar marigayi Malam Idirisu, wanda shi direban jirgi ne na gaske, ba na baka ba. Ya rasu ya bar mata gida, da 'ya ɗaya mai suna Munira, da wani kabad na gilashi a falo cike da 'yan ƙananan kawunan jirgin ƙasa na ƙarfe da na gwangwani, babbansu bai kai kamu guda ba. Tun yana saurayi yake tara su. Wani a cikinsu Baturen injiniya ne ya ba shi da zai koma gida, wani a 'yan gwanjo ya tsinto shi a Kaduna, wani abokin aiki ya kawo masa tsaraba. Kowanne da ɗan kati a gabansa ɗauke da sunansa da ƙasar da aka ƙera shi. Guda ɗaya ne kawai ba shi da kati. Kore ne shar mai duhu, da siririn jan layi a gefe, da dogon bututun hayaƙi, amma ko harafi ɗaya babu a jikinsa, balle lamba.

Shi kuwa marar sunan shi Malam ya fi so. Duk Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya fito da shi, ya zura ɗan makulli a wani rami da ke gefensa, ya murɗa kamar mai tayar da agogo irin na da, ya ajiye shi a kan siminti. Jirgin ya yi ta ƙiriri yana zagaye falo, Malam yana bin sa da kallo kamar ba shi ne ya tuƙa na gaske shekara da shekaru ba. Ya yi ta cigiyar sunansa har Allah ya yi masa rasuwa bai samu ba. Tun daga ranar Hajiya ta ɗaure makullin a jikin carbinta, ta ce ba za ta murɗa jirgin ba sai ranar da ta san sunansa, ta rubuta masa kati kamar 'yan uwansa.

Duk wannan ta gaya wa Lado da bakinta wata rana da la'asar da ya je gaisuwa. Bai ji ko kalma ɗaya ba. Tana magana shi yana jiran ta numfasa ya shigo da labarin yadda ya taɓa tsayar da jirgin kaya da hularsa. Abin da ya faɗa kunnensa kawai shi ne ƙarshen zancen, inda ta ce Munira, wadda ke karatu a jami'a a Kafin Hausa, ta samo wasu masu tara irin waɗannan jiragen ta intanet. Sun ce in aka ɗauko musu hoton launinsa da jan layin nan sosai, za su gane ƙirar wace ƙasa ce da zamaninsa. Ranar Asabar za ta zo da wayarta mai kyau ta ɗauka, tunda ta Hajiya 'yar ƙarama ce mai tocila.

Lado ya yi dariya har da dukan gwiwa. Ya ce abin kunya ne a ce yana raye a garin nan a koma tambayar waya sunan jirgi. Ya ce shi da ƙamshi kaɗai yake gane jirgi, a ba shi aronsa, kafin Asabar zai zo da sunansa da na ubansa da garin da aka haife shi.

Hajiya ba ta so ba. Amma ga kunya, ga kuma ɗokin abin da ta daɗe tana jira, ga mutum ya riga ya miƙe ya buɗe kabad da kansa. Ta ce, "Malam Lado, da ido kawai. Yadda ka ɗauke shi haka za ka dawo min da shi."

Ya ce, "Hajiya, ai ko ƙuda sai ya nemi izinina kafin ya sauka a kansa."

Kafin magariba unguwa duk ta ji. Lado bai tsaya a cewa zai gano suna ba, shela ya yi cewa ranar Asabar da hantsi akwai taron suna a ƙofar gidan Hajiya, za a raɗa wa jirgi suna a gaban jama'a, da goro da dabino. Lissafinsa a fili yake: macen da ka share wa hawaye a gaban unguwa ba ta da bakin cewa a'a in ka aiko da magabata. Hajiya ta aika masa cewa ita ba ta nemi taro ba. Ya ce a gaya mata mata ba su san darajar ilimi ba, shi ya sa.

Washegari ya iso teburin mai shayi da jirgi naɗe a cikin rawani, ya sa aka kawar da kofuna, ya kwance shi a hankali kamar ungozoma. Muka taru. A cikinmu akwai Alhaji Bubayero, dillalin shanu, wanda Allah ya halicce shi musamman don ya hana Lado sakat.

Lado ya shinshina jirgi, ya ɗaga shi sama ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ce na Ingila ne, ko makaho ya shafa ya sani. Da aka kawo masa shayi da burodi ya ci ya ƙoshi, sai ya ƙwanƙwasa shi da cokali, ya kara a kunne, ya ce ƙirar Jamus ce tsantsa.

Bubayero ya ce, "Ɗazu ka ce na Ingila ne."

"Ɗazu ban karya ba."

"To in ka ci na rana na ina zai zama?"

"Saurara ka ji ƙararsa."

"Na ji. Irin ta gwangwanin madara ce."

Lado ya ce, "Kunnen da ya tashi da kukan shanu ina zai gane Jamusanci?"

Bubayero bai ji haushi ba. Ya ce su dai a wajensu in an tsinci saniya ba a san mai ita ba, launinta ake dubawa da tsagar kunnenta, ba a feɗe ta a nemi sunan mai ita a cikin tumbi. Ya ce tunda yarinya ta ce launi ake nema, a bar mata abinta ta ɗauki hoto. Lado ya ce shi ya sa har yau Fulani ba su ƙera jirgi ba.

Daga nan ya kawo hujjarsa ta farko. Ya ce jirgi kamar mutum ne, da murya ake gane asalinsa, kuma muryar jirgi ba ta fita sai an ba shi ruwa da wuta. Na Jamus in ya yi kuka daban, na Ingila daban. Ya karɓi buta ya tsiyaya ruwa ta bututun hayaƙi, ruwan ya zubo ta ƙasa a kan cinyarsa. Ya ce alama ce mai kyau, hanyoyinsa a buɗe suke. Sannan ya sa cokali ya ɗebo garwashi daga murhun mai shayi, ya cusa a ɗan ɗakin direba, ya sunkuya yana hurawa.

Jirgi bai yi kuka ba, fenti ne ya yi. Muna kallo koren nan ya fara kumbura yana fashewa, wani wari ya tashi kamar an ƙona takalmin roba. Lado ya ce a yi haƙuri yana ɗumama ne. Ya kai hannu zai gyara masa zama, ƙarfen ya kama masa yatsu, ya yi tsalle, garwashi ɗaya ya faɗa aljihun rigarsa. Muryar da muka ji a ranar ta Lado ce, kuma ba ta yi kama da ta Jamus ba. Mai shayi ya sa tsumma ya sure jirgin ya tsoma a bokitin wanke kofi, ya kwara wa Lado sauran ruwan a ƙirji.

Da aka tsamo shi, gefe ɗaya ya yi baƙi ƙirin, rabin jan layin ya tafi. Wani a cikinmu ya ce a mayar wa Hajiya haka nan a ba ta haƙuri, tun ɓarnar tana ƙarama, ai ɗaya gefen ya isa hoto. Da Lado mai jin magana ne da labarin ya ƙare a nan. Amma ya kalli inda fentin ya ɗaye, ya ga ƙarfe yana ƙyalli, sai idonsa ya kawo haske. Ya ce dama abin da yake nema ke nan, da gangan ya sa wutar. Turawa mutane ne masu wayo, a ƙarƙashin fenti suke ɓoye suna saboda ɓarayi. In aka kankare, suna zai fito ɓaro-ɓaro.

Ya sayo soson ƙarfe da lemun tsami, ya roƙi toka a maƙwabta, ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiya ya zauna dirza. Yini guda yana abu ɗaya, yatsu biyu ɗaure da tsumma. Matan da ke wucewa ɗiban ruwa suka riƙa tsayawa suna yaba hannunsa, wata ta ce in ya gama akwai tukwanenta na biki, su ma sun daɗe ba su san sunansu ba. Inda soso ya gaza ya sa samfefa, inda samfefa ta gaza ya sa bakin wuƙa. Kafin la'asar sakaliya jirgi ya fito fes kamar sabuwar tukunya a kan amarya. Babu kore, babu jan layi, babu suna.

Bubayero ya zo wucewa ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Injiniya, an feɗe ke nan. Me aka samu a tumbin?"

Lado ya ce sunan yana nan, irin rubutun nan ne da ba kowane ido ke gani ba. Don ya kawar da zancen, sai ya nuna masa ramin da ke gefen jirgin, wanda wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu ke leƙowa daga ciki. Ya ce ga ma babbar shaida: harbin bindiga ne na yaƙin duniya, ga harsashin nan maƙale har yanzu.

"Harsashi mai kusurwa huɗu?"

"Na Jamus haka yake, don kada ya mirgine."

Bubayero ya ce shi bai san jirgi ba, amma duk abin da ya zo da raminsa daga wajen mai shi, da dalilinsa. Lado ya ce ba zai mayar wa Hajiya kaya da rauni a jiki ba, ta ce bai kula ba. Ya ɗauka sai rumfar Muntaka mai gyaran lagireton mota. Shi Muntaka ba ya tambaya. Duk ramin da aka kawo masa toshewa yake yi, sana'arsa ke nan tun tasowarsa. Ya narka dalma ya ɗura, ramin ya shanye, ya ƙara, ya shanye, Lado yana tsaye a kansa yana cewa a cika masa har wuya. Aka goge wurin ya yi sumul. Jirgi ya ƙara nauyi, ƙafafunsa na tsakiya suka daina juyawa. Lado ya auna shi a tafin hannu ya ce yanzu ya koma nauyinsa na asali.

Sai a daren Alhamis lissafi ya fara zo masa, shi ma ba duka ba. Ba zai kai jirgi tsirara gaban jama'a ba, kuma ya riga ya ce akwai suna. Da safiyar Juma'a ya nufi bakin tasha wajen Zailani mai fenti, wanda ke yi wa adaidaita sahu da manyan motocin kaya ado. Ya ja shi gefe ya ce a yi masa fenti kore. Zailani ya ce kore ya ƙare, sai ruwan ɗorawa da ya rage na wani adaidaita.

Lado ya ce, "Dama asalinsa ruwan ɗorawa ne. Tsufa ne ya mai da shi kore."

Sannan ya rage murya ya ce a rubuta masa suna a gefe da Jamusanci. Zailani ya ce, "Baba Injiniya, ni ban iya Jamusanci ba. Faɗa min sunan in rubuta."

Nan fa ɗaya. Lado ya lalubi kansa sama da ƙasa, babu kalmar Jamusanci ko ta rantsuwa. Ya ce ba aikinsa ba ne ya koya wa mai fenti sana'arsa, ya rubuta duk abin da ya dace da babban abin hawa, mai nauyi, wanda zai rufe bakin maƙiya. Ya dai murɗa haruffan su cakuɗe yadda ba mai iya karantawa, shi zai fassara wa jama'a. Zailani ya gyaɗa kai. Abin da Lado bai sani ba, su masu fentin mota suna da ƙa'idarsu. Abin hawa ba ya barin hannunsu babu kirari da fure, kuma rubutun da direban baya ba zai karanta daga nesa ba abin kunya ne ga mai shi.

Asabar da hantsi ƙofar gidan Hajiya ta cika. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, ga farantan dabino da goro suna zagayawa. Har sanƙira Lado ya ɗauko, yana ta kirarin injiniyan injiniyoyi, wanda jirgi ke gani ya rusuna. Mai unguwa ya zo don kada a ce bai zo ba. Mata suka cika zaure suna leƙe. Munira ta sauka daga motar Kafin Hausa da wayarta a hannu, ta tarar da taro a ƙofar gidansu, ta shiga ciki, ta fito fuskarta ba walwala, domin ta ga gurbin jirgi a kabad babu komai.

Lado ya iso a makare a bayan ɗan acaɓa, cikin aron babbar riga, rungume da kwali. Zailani ya ɗaure kwalin da igiya ya ce fenti bai gama bushewa ba, kada a buɗe sai an isa, shi kuwa gogan bai ga dalilin duba aikin da shi ya ba da umarninsa ba. Ya ɗora kwali a kan tebur, ya karɓi lasifika.

Ya daɗe yana jawabi. Ya ce marigayi abokin aikinsa ne, tare suka sha hayaƙi, ko da yake shi yana gaba da shi a ofis. Ya ce abin da ya gagari marigayi tsawon rai shi ya warware shi cikin 'yan kwanaki, ba da waya ba, da kai. Ya ce jirgin nan ƙirar Jamus ne, ya ga yaƙi, an harbe shi bai mutu ba. Datti ne ya rufe launinsa da sunansa, shi ya wanke, suna ya bayyana da tsohon Jamusanci wanda ko a Jamus tsofaffi kaɗai ke iya karantawa. Don a tabbatar, ya ce 'yarsa Munira mai jami'a ta matso ta gwada, in ta kasa shi zai taimaka mata.

Munira ta matso. Lado ya kwance igiya, ya juya fuskarsa ga jama'a yana murmushi, ya yaye kwalin daga kan jirgin.

A kan tebur ga wani abu ruwan ɗorawa yana sheƙi, da baƙin layi a ƙugunsa irin na adaidaita. An zana masa fure ja a kowane gefe, da mikiya ta buɗe fiffike a goshi, bututun hayaƙin kuma an yi masa zobe-zobe kore da fari da ɗan guntun fentin da aka kankaro a gindin gwangwani.

Lado bai waiwaya ba tukuna. Ya ce, "Karanta mana, 'yata. Kada ki ji kunya in ya fi ƙarfinki."

Munira ta ce, "Baba Lado, ba sai na matso ba ma. An rubuta, Mahassada Sai Kallo."

Wani daga can bayan rumfa ya ce shi ma daga nan yana gani. Munira ta zagaya ɗaya gefen ta ce nan kuma an sa, Direba A Yi Haƙuri. Ta leƙa baya ta karanto, Zailani Mai Fenti Bakin Tasha, har da lambar waya.

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta a unguwar nan ba. Sanƙira ya ajiye kirari ya riƙe ciki. Mai unguwa ya rufe baki da hannun riga kafaɗunsa suna rawa. Bubayero ya miƙe da sandarsa ya ce yau ya gode wa Allah, ashe duk shekarun nan Jamusanci yake ji bai sani ba.

Lado ya juyo ya ga abin da kowa ya gani. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Ya ɗaga lasifika ya ce jama'a su natsu, wannan fassara ce aka yi don amfanin waɗanda ba su yi karatu ba, ainihin sunan yana ƙarƙashi, in an kankare za a gani.

Bubayero ya ce, "A kawo masa toka."

Munira ba ta yi dariya ba. Ta tambaye shi ina koren, ina jan layin. Ya ce datti ne. Ta ce masu jiragen nan abin da suka roƙa ke nan kaɗai, launi da layi, su ne shaidarsa tunda ba shi da rubutu, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa kusa. Ta ce yanzu ko wanda ya ƙera shi aka tono ba zai gane shi ba. Daga nan dariyar ta fara ja da baya.

Sai matan zaure suka dare. Hajiya Kubura ta fito lulluɓe da mayafi, carbi a hannu. Ba ta kalli Lado ba, ba ta kalli taro ba. Ta tsaya gaban tebur ta dubi jirgin, ta daɗe. Ni da nake kusa na ji kunyar dariyar da na yi. Ta ce ba komai, fenti ai riga ce. Ta ce tunda suna ya gagara, bari ko tafiyarsa ta gani, ta daɗe ba ta ji ƙararsa ba.

Ta kwance ɗan makullin daga jikin carbi. Ta ɗauki jirgin, fenti yana kama mata yatsu, ta kai makulli inda hannun Malam ya saba kaiwa duk Juma'a. Makulli ya daki ƙarfe. Ta shafa wurin da ɗan yatsa, ta juya ɗaya gefen, ta sake juyowa. A daidai inda ramin yake, fure ne ja.

Ta ce, "Ina ramin?"

Lado ya ce, "Wane rami, Hajiya? Au, harbin? Ai na sa an yi masa magani. An ɗura masa dalma har ciki, ba zai ƙara damun ki ba."

Babu wanda ya yi dariya a wannan karon, har Bubayero. Hajiya ta ajiye jirgin a kan tebur ta ɗan tura shi da yatsa. Bai motsa ba, sai dai ya ja tsumman teburin ya tattare.

Mai unguwa ya yi gyaran murya, don ya sassauta abin, ya ce to Hajiya, tunda an taru, ko akwai sunan da za a sa masa a yi addu'a a watse.

Ta mayar da makullin jikin carbinta, ta ƙulla shi a hankali, ƙulli biyu. Sannan ta ɗago ta dubi Lado, kallo na farko kuma na ƙarshe a ranar.

Ta ce, "Malam ya bar min shi ba suna, amma yana tafiya. Ka ce da ido kawai za ka duba, na yarda da kai. A sa masa Lado. Ga ado, ga surutu a jiki, ba inda za shi." Ta juya ga Munira ta ce ta ɗauko mata kayanta. Da ta kai bakin zaure ta tsaya ba tare da ta waiwayo ba, ta ce, "Malam Lado, yadda ka toshe ramin nan, ka ɗauka haka ƙofar nan take a wajenka."

Taro ya watse ba a yi addu'a ba. Lado ya tsaya shi kaɗai a rumfa da lasifika a hannu, yana gaya wa masu kwashe kujeru cewa mata haka suke, in ka yi musu gyara sai sun huce suke godiya. Bai aika magabata ba, domin duk wanda ya tunkara sai ya ce yana da uzuri. Har yau in ya hango Hajiya za ta unguwa sai ya tuna yana da aiki a wani lungun. A teburin mai shayi kuwa an daina ce masa Injiniya, Bajamushe ake kiransa, kuma duk wanda ya kai agogo ko rediyo gyara sai ka ji ana yi masa addu'ar Allah ya tsare shi da aikin Lado.

Jirgin yana nan a kabad, a gurbinsa na da, ruwan ɗorawa tsakanin baƙaƙe da koraye. Munira ta so ta ɓoye shi a ɗaki, Hajiya ta hana, ta sa aka rubuta masa kati kamar 'yan uwansa. Matan da ke shiga gidan sun ce duk Juma'a in an sauko daga masallaci takan zauna a falo tana jan carbi, in yatsunta suka iso kan makullin sai ta ɗan tsaya, sannan ta wuce.